Alfonso Corti: Ɗan Sarautar Da Ya Leƙa Cikin Katantanwar Kunne

Akwai malaman da sukan shafe shekara arba'in suna rubutu, su cika kanta da littattafai, amma kafin jikokinsu su yi furfura an manta da su. Akwai kuma wanda zai yi aiki ɗaya tak, ya ajiye alƙalami ya koma gida, sunansa kuwa ya ƙi gushewa. Alfonso Corti, mutumin ƙasar Italiya, yana cikin irin na biyu. Duk tsawon zamansa a fagen binciken kimiyya bai wuce shekara bakwai ba, daga 1847 zuwa 1854, kuma abin da ya ɗaukaka shi maƙala ce guda ɗaya wadda ya wallafa tun bai cika shekara 30 da haihuwa ba. Duk da haka, babu ɗalibin likitanci a ko'ina cikin duniya da zai karɓi takardar shaidarsa bai haddace sunan mutumin nan ba, domin da sunansa ake kiran 'yar ƙaramar gaɓar da ke can ƙuryar kunne, wadda ita ce ke mayar da ƙara ta zama ji. Mai karatu, sallamar baƙo da kukan jariri da rugugin hadari, duk ta wannan gaɓa suke bi kafin ka san da su.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Alfonso Corti a watan Yuni na shekarar 1822 a Gambarana, wani ɗan ƙauye kusa da kogin Po, ba nisa da birnin Pavia a arewacin Italiya. A zamanin nan Italiya ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna. Ƙauyen nasu yana ƙarƙashin masarautar Sardiniya mai hedkwata a Turin, alhali Pavia, da ke maƙwabtaka da su, tana hannun daular Ostiriya. Wannan rabuwar iyaka za ta shafi rayuwarsa nan gaba. Gidansu gidan sarauta ne mai gandaye da barori, mahaifinsa Gaspare Corti yana riƙe da sarautar Markis, wadda ake gado daga uba zuwa ɗa. Ƙanensa Luigi, wanda aka haifa a 1823, ya bi hanyar da aka saba ganin 'ya'yan irin wannan gida suna bi, ya shiga aikin jakadanci, har ya zama ministan harkokin wajen Italiya a 1878, ya wakilci ƙasarsa a babban taron Balin na wannan shekara.

Shi kuwa Alfonso hankalinsa ya karkata ga wani abu dabam. Cikin abokan mahaifinsa akwai Antonio Scarpa, shahararren malamin ilmin ƙirar jiki na Jami'ar Pavia, wanda tun a 1789 ya wallafa littafi a kan gaɓoɓin ji da na shaƙa. Scarpa ya rasu a 1832, Alfonso yana ɗan shekara goma, kuma masu tarihi suna kyautata zaton a wurinsa yaron ya fara sha'awar sanin abin da ke ƙarƙashin fata. A 1841 ya shiga Jami'ar Pavia don koyon likitanci. A nan ya zauna gaban malamai biyu, Bartolomeo Panizza da Mauro Rusconi, waɗanda dukansu sun ƙware wajen feɗe ƙananan dabbobi irin su kwaɗi da kunkuru da dangin kada, su bi diddigin jijiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Aiki ne na haƙuri da sanyin hannu, kuma a nan Corti ya sami tarbiyyar da ta yi masa rana daga baya.

A 1845 ya tattara ya tafi Biyana, babban birnin Ostiriya, ba da son mahaifinsa ba. Abin da ya ja shi can shi ne Joseph Hyrtl, wanda a wannan shekarar aka naɗa shi malamin ilmin ƙirar jiki a jami'ar birnin. Hyrtl ya yi fice da wata dabara ta ɗura abu mai launi cikin jijiyoyin jini har ya daskare, ta yadda za a ga rassansu kamar saiwar itace, kuma a shekarar ta 1845 ya fitar da littafi mai kwatanta kunnen ciki na mutum da na dabbobi masu shayarwa. A ƙarƙashinsa Corti ya rubuta kundin digirinsa da harshen Latin, a kan hanyoyin jini na wata dabbar sahara 'yar uwar damo da guza, ya zana hotunan da hannunsa. Ya sami digirin likita a 1847, kafin shekarar ta ƙare kuma Hyrtl ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin fiɗa.

Bai daɗe a kan wannan muƙami ba. A watan Maris na 1848 tarzomar juyin juya hali ta ɓarke a Biyana, a cikin watan kuma sarkin Sardiniya ya ɗaura yaƙi da Ostiriya. Ɗan ƙasar da ke yaƙi da masu masaukinsa ba shi da sauran wurin zama, sai ya bar birnin. Daga nan ya shiga yawon neman ilmi da kuɗin aljihunsa, abin da 'yan kaɗan ne cikin tsararrakinsa za su iya. A 1849 ya zauna a Bern ta Suwizalan wurin Gabriel Valentin, wanda ya zama amininsa na tsawon rai, ya leƙa Landan da Faris, sa'an nan a farkon 1850 ya sauka a Würzburg ta ƙasar Jamus, a ɗakin binciken Albert Kölliker.

Ya zo a kan gaɓa. A 1838 da 1839 ne Schleiden da Schwann suka bayyana cewa jikin tsiro da na dabba duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina soro da tubali. Madubin ƙara girma shi ma bai daɗe da samun gyaran da ya sa ake ganin abu tangaran ba. Saboda haka matasan masana suka bazu cikin sassan jiki, kowa yana neman ya ga irin tubalin da aka gina hanta ko ƙoda ko ido da shi. Kölliker yana cikin jagororin wannan sabon fanni, Rudolf Virchow ma a lokacin yana koyarwa a Würzburg. Corti ya fara da ido, ya wallafa ɗan bincike a 1850 a kan yadda zaren jijiya ke haɗuwa da ƙwayoyin tantanin gani. Bayan haka ya juya ga wurin da kowa yake kauce wa.

Abin da ke bayan dodon kunne

Wajibi ne a nan mu ɗan dakata mu dubi kunnen kansa, in ba haka ba girman aikin ba zai fito ba. Abin da muke kira kunne, wanda ake hudawa a sa 'yan kunne, mazurari ne kawai. Ƙara motsi ce a cikin iska. Takan bi ta ramin kunne ta bugi dodon kunne, wanda tantani ne a ɗame kamar fatar kalangu. A bayansa akwai ƙasusuwa uku a jere, waɗanda masana suka sa wa suna bisa kamanninsu: guduma, da uwar maƙera, da likkafa. Likkafar nan ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonta kamar milimita 3. Aikin ƙasusuwan shi ne su tattara motsin dodon kunne, su ƙara masa ƙarfi kusan ninki 20, su buga shi a wata 'yar taga. Bayan tagar nan akwai wani bututu cike da ruwa, wanda ya naɗe kansa sau biyu da rabi da ɗan ɗoriya, kamar katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa. Girmanta duka bai fi ƙwayar wake ba, in da za a warware ta kuwa tsawonta zai kai kimanin milimita 35.

Akasarin wannan an san shi tun kafin a haifi Corti. Masanan Italiya na ƙarni na 16 sun riga sun bayyana ƙasusuwan da katantanwar. Abin da ya gagara shi ne sanin abin da ke cikin bututun. An ga jijiyar ji ta shiga, amma ina ta ƙare, kuma mene ne ke karɓar motsin ruwa ya miƙa mata? Wahalar kuwa iri uku ce a haɗe. Katantanwar tana binne cikin ƙashin da yake cikin mafiya tauri a jiki duka. Abin da ake nema a ciki ya fi yanar gizo laushi, da an fasa ƙashin da ƙarfi sai ya tarwatse. Sa'an nan kuma yana fara lalacewa jim kaɗan bayan rai ya fita, ta yadda gawar da ta kwana ba ta da sauran amfani ga mai bincike. A tuna kuma a 1850 babu injin yanka nama siriri irin na yau, babu fitilar lantarki a gindin madubi, ruwan fomalin da ake adana nama da shi kuwa sai a 1893 aka fara amfani da shi a wannan aiki.

Da 'yan wuƙaƙe da allurai da hantsaki Corti ya tunkari abin. Ya buɗe katantanwa aƙalla 200, na mutane da na dabbobi irin su shanu da tumaki da aladu da karnuka da kyanwoyi da zomaye, yana fifita waɗanda ya samu da ɗuminsu. Yakan ɓanɓare ƙashin kaɗan kaɗan, ya zaro ɗan tantanin da ke ciki, ya shimfiɗa a kan gilashi. Da ya ga samfurorin suna bushewa suna ƙanƙancewa kafin ya gama dubawa, sai ya yi tattaki zuwa Utrecht ta ƙasar Holan, wurin Pieter Harting da Schroeder van der Kolk, ya koyo yadda ake riƙe su da danshi. Wata matsalar ita ce ƙwayoyin ba su da launi, garau suke kamar ruwa a cikin ruwa. A nan ya yi abin da marina za su fahimta nan take: ya tsoma naman cikin jan rinin karmin, wanda ake samu daga jikin wani ƙwaro, sai wasu sassa suka kama rini fiye da wasu, siffarsu ta fito. Yana cikin mutanen farko da suka yi amfani da rini ta wannan hanya, kuma har yau rina nama shi ne ginshiƙin aikin duk wani ɗakin gwaji da ake duba tsoka a asibiti.

A 1851 sakamakon ya fito da harshen Faransanci, a mujallar ilmin dabbobi wadda Kölliker da Siebold suke shiryawa. Abin da ya bayyana shi ne, a kan tantanin da ya raba bututun gida biyu, tun daga gindin katantanwa har ƙololuwarta, akwai wani tsari na ƙwayoyin halitta a jere reras, ba a warwatse ba. Ya ga wasu 'yan sanduna sahu biyu, waɗanda ya kira haƙora. Ya ga sahu uku na ƙwayoyi a gefensu. Ya ga wani tantani mai kauri da ya lulluɓe su daga sama kamar rumfa. Ya ga tarin ƙwayoyin jijiya da suka bi naɗin katantanwar, da kuma wani ɗan zirin nama mai yawan jijiyoyin jini a jikin bango, wanda ya yi hasashen shi ke samar da ruwan da ke cikin bututun. Bai tsaya ga siffa ba, ya auna faɗi da tsawon abubuwan nan a wurare dabam dabam, ya jera alƙaluman.

Ba duka ya gani daidai ba, kuma babu laifi a faɗa. Sandunan nan ya zana su a kwance, domin allura da gilashi sun danne su. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka gane a tsaye suke, sun jingina da juna ta sama kamar bakan gizo na ginin soro, da ɗan rami a ƙarƙashinsu. Otto Deiters, wani matashin Bajamushe da ya rasu yana da shekara 29, shi ya fayyace sauran ƙwayoyin a 1860, Victor Hensen ya ƙara nasa a 1863, sa'an nan Gustaf Retzius na Suwidin ya fitar da manyan littattafai biyu masu zane a 1881 da 1884. Amma duk a kan harsashin Corti suka ɗora. Kölliker ne a 1854 ya fara kiran tsarin da sunan abokin aikinsa, sunan kuwa ya bi shi har yau: gaɓar Corti.

Abin da aka gano bayansa

Kafin mu bi Corti zuwa gida, ya kamata mu ga inda ƙofar da ya buɗe ta kai, domin sai an san darajar abin da ya tono za a iya auna abin da ya bari.

Tambayar farko ita ce yadda kunne ke rarrabe siririyar murya da mai kauri. A 1863 Hermann von Helmholtz ya kawo ra'ayin cewa a cikin katantanwa akwai abubuwa jere kamar tsirkiyoyin fiyano, kowace tana amsa irin nata sauti, kuma da farko sandunan Corti ya ɗauka su ne tsirkiyoyin. Daga baya ya mayar da zancen kan tantanin da suke zaune a kai. Wanda ya gani da ido shi ne Georg von Békésy, mutumin Hangare, wanda asalinsa ma'aikacin ɗakin gwajin wayar tarho ne a Budapest. Tun daga 1928 ya riƙa buɗe katantanwar gawa, yana barbaɗa garin azurfa a kan tantanin yana kallon motsinsa. Ya tarar motsin yana tafiya ne kamar yadda igiya ke yi in an kaɗa bakinta ɗaya, kuma kowane sauti da inda tudun motsinsa ke tsayawa. Siririn sauti a gindin katantanwa, inda tantanin ke da tsauri da ƙarancin faɗi, mai kauri kuwa can ƙololuwa, inda ya fi faɗi da laushi. Wannan aiki ya ba shi kyautar Nobel a 1961. Ta haka kunnen matashi mai lafiya yake jin sauti tun daga mai kaɗawa 20 a daƙiƙa har zuwa mai kaɗawa 20,000.

Sandunan da Corti ya fi mayar da hankali a kansu ashe ginshiƙai ne kawai. Masu aikin na ainihi su ne ƙwayoyin da ke gefensu, waɗanda kowace take da ɗan tukku na gashi a ka. A kunnen mutum guda akwai sahu ɗaya na ciki mai ƙwayoyi kimanin 3,500, da sahu uku na waje masu kimanin 12,000, su ne sahu ukun da Corti ya hango. Idan tantanin ƙasa ya motsa, tukkun yakan ɗan karkata. A 1977 James Hudspeth da David Corey suka nuna, da ƙwayoyin kunnen kwaɗo, cewa karkatar tukku zuwa ɓangaren dogon gashi ita ke haifar da saƙon lantarki, a 1984 kuma James Pickles da abokan aikinsa suka ga wasu 'yan zarurruka da suka ɗaure kan kowane gashi da na kusa da shi. Da tukku ya karkata sai zaren ya ja wata 'yar ƙofa ta buɗe, sinadarin fotasiyam da ke cikin ruwan ya kwarara ciki, ƙwayar ta sanar da jijiya, jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Fotasiyam ɗin nan kuwa daga ɗan zirin naman da ke jikin bango yake fitowa, wato hasashen da Corti ya yi a kansa bai faɗi ƙasa ba.

Abin da ya fi ba masana mamaki shi ne rabon aiki tsakanin sahun ciki da na waje. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na zarurrukan jijiyar ji daga sahun ciki suke tashi, duk da ƙarancinsa. To, mene ne amfanin sahu ukun waje masu yawa? A 1978 David Kemp a Landan ya sa 'yar makirfo a ramin kunne, ya tarar kunne da kansa yana fitar da wata 'yar ƙara. A 1985 William Brownell da abokansa suka ga ƙwayoyin waje suna miƙewa suna takurewa in lantarki ya taɓa su, a shekarar 2000 kuma aka gano sinadarin da ke sa su wannan rawa, aka sa masa suna firestin. Ashe su ne amsa-kuwwar kunne, suna ƙara wa raunanan sauti ƙarfi ninki ɗari ko fiye, shi ya sa muke jin raɗa da takun kyanwa. Wannan 'yar ƙara da Kemp ya gano ita ake aunawa a asibitoci da dama don a san ko jariri sabon haihuwa yana ji.

Ga inda zancen ya shafi kowa. Ido yana da ƙwayoyin gani kusan miliyan 100, kunne kuwa da 'yan dubban nan goma sha biyar zai yi zaman duniya, kuma wadda ta mutu ba ta da magaji. A 1988 an tabbatar cewa tsuntsaye suna sake tsiro da nasu in sun lalace, amma mutum da sauran dabbobi masu shayarwa ba su sami wannan ba. Ƙara mai tsanani tana karya tukkun, musamman ga wanda ya wuni shekara da shekaru a gindin injin niƙa ko janareto ko amsa-kuwwar biki. Wasu magunguna, irin su allurar jentamaisin da siteraftomaisin, suna kashe ƙwayoyin in an yi su barkatai ba da awon likita ba. Ciwon sanƙarau, wanda ƙasashenmu na bakin sahara suka sani sarai a lokacin zafi, yakan shiga katantanwa ya bar yaro da kurumta bayan ya warke. Tsufa ma yana cin su, yana farawa daga gindi, wurin siririn sauti, shi ya sa dattijo zai ce yana jin ana magana amma kalmomin ba sa fita, musamman muryar mata da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2021 cewa mutane kimanin miliyan 430 suna da raunin ji da ke bukatar kulawa. Na'urar da ake dasawa cikin katantanwa a yau, wadda ke tsallake matattun ƙwayoyi ta taɓa jijiya kai tsaye, tana aika saƙonta ne ga tarin ƙwayoyin jijiyar nan da Corti ya bayyana a 1851.

Komawa gida

A kan maƙalar tasa an rubuta cewa kashi na farko ne. Kashi na biyu bai taɓa fitowa ba. A shekarar da ta fito, 1851, mahaifinsa ya rasu, sarauta da gandaye suka faɗo a wuyansa, ya koma Italiya. Da farko bai yanke ƙauna ga bincike ba, yana ci gaba da musayar wasiƙu da Valentin, har a 1854 ya wallafa wani nazari a kan sassan jikin giwa a mujallar Kölliker. Wannan shi ne rubutunsa na ƙarshe a kimiyya. Harkokin gado da na dukiyar gida suka ɗaure shi, a 1855 ya yi aure, ya tare a gidan gonarsa da ake kira Mazzolino, a tuddan Corvino San Quirico kusa da Casteggio, kudu da kogin Po.

Marubuta da yawa sukan kawo wannan mataki da alhini, kamar wanda ya tsere daga fagen fama. A ganina hukuncin ya yi tsauri. Corti bai taɓa riƙe kujerar farfesa ba, bai kuma taɓa dogara da kimiyya don abin kai wa baka ba. Dukiyar gidan nan ita ta biya masa kuɗin madubi da na tafiye-tafiye daga Bern zuwa Landan zuwa Utrecht, ranar da gidan ya nemi a biya shi kuwa da wuya mutum mai kunya ya noƙe. Kuma bai je ya zauna dirshan yana cin gado ba. Ya ɗauki noman inabi, wanda shi ne arzikin tuddan nan, da irin natsuwar da ya ɗauki kunne da ita, ya gyara gandun har ya zama abin koyi a yankin. Sai dai gaskiya ɗaya ce, manoman inabi suna da yawa a Italiya, masu hannun da zai iya zaro tantani daga cikin katantanwa bai yage ba kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba a duk Turai ta wancan zamani. Asarar da ilmi ya yi asara ce ta gaske, ko da dalilin mai kyau ne.

Ko da ma ya so komawa, jikinsa bai ba shi dama ba. Ba a daɗe da aurensa ba amosanin gaɓɓai ya kama shi, irin mai lanƙwasa yatsu yana daskarar da gwiwa. Matarsa ta haifa masa 'ya mace da ɗa namiji, ta rasu a 1861 bayan haihuwar na biyun, ta bar shi da marayu ƙanana. Ciwon ya yi ta ci gaba har ya kai ba ya iya tafiya, hannuwan da suka feɗe katantanwa 200 suka kasa yi masa hidimar kansa. A haka ya yi shekarunsa na ƙarshe, yana kula da tarbiyyar 'ya'yansa, yana ba da umarnin aikin gona daga kan kujera, a daidai lokacin da ake ta muhawara a jami'o'in Jamus a kan sandunan da ke ɗauke da sunansa.

Ya rasu ranar 2 ga Oktoba, 1876, a Corvino San Quirico, yana da shekara 54. Duniyar likitoci ba ta ko lura da rasuwar ba, domin a wurinsu Corti ya daɗe da zama sunan wani sashe na jiki. Sai a 1914 Josef Schaffer, wani masanin ƙwayoyin jiki ɗan Ostiriya, ya bi sawu ya rubuta tarihinsa na farko, a 1944 kuma Erich Hintzsche na Bern ya fitar da wani mafi cika, bisa wasiƙun da Corti ya riƙa aika wa amininsa Valentin.